Amma da Umma

Talata, kwananmu na tara a Chennai ta ƙasar Indiya.

Da sassafe aka zo ɗibar jinin Umma kafin ta karya. Nas ɗin tana shigowa ta kama mata hannu tana cewa "Amma, amma." Umma ta dube ni ta ce, "Auta, wa ya faɗa wa yarinyar nan yadda kuke kirana?" Na ce ba kowa, haka ake ce wa uwa da harshen Tamil. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah."

A wurin jiran sakamako na zauna kusa da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, shi ma matarsa ya kawo. Ya tambaye ni, "Enda uru?" wato daga wane gari. Na ce Kano. Sai ya koma Turanci, ya ce kalmar ur a wurinsu gari ce, ita ce a ƙarshen sunayen Tanjabur da Belur. Ya matso kusa ya ce, "Ka san Ur ta ƙasar Iraƙi, birnin Sumeriyawa? Kalmarmu ce. Su ma ama suke ce wa uwa." Ya ambaci K. Loganathan, wani masani Batamile na Malesiya da ya daɗe yana kare ra'ayin cewa Sumeriyanci tsohon Tamil ne. Idon dattijon har ƙyalli yake yi. Na so shi nan take. Mutumin da matarsa ke kwance amma bakinsa na kan asalin harshensa, ba ƙaramin so yake yi wa harshen ba.

Bayan azahar Umma ta samu barci, ni kuwa maganar ta hana ni. Hausa na karanta a jami'a, sai abin da aka koya mana ya riƙa dawo mini.

Akwai kama, ba na musu. Harsunan biyu suna jera ɗafe-ɗafe a jikin kalma, suna kai aikatau ƙarshen jimla, kuma maimakon namiji da mace a duk suna irin namu, babban rabonsu tsakanin mutum ne da abin da ba mutum ba. Sai dai Turkanci da Jafananci ma suna jera ɗafi su kai aikatau ƙarshe, ba su zama 'yan ɗaki ɗaya da Tamil ba. Aikatau na Sumeriyanci yana ɗaukar ɗafi da yawa a gaba, na Tamil kuwa a baya yake tara nasa. Ur ɗin ma, Sumeriyawa da bakinsu Urim suke kiranta. Ama kuwa ba ta shaida a kan kowa, domin sautin da ya fi sauƙi ne a leɓen jariri, shi ya sa Balarabe ke da umm, mu muke da mama. Ga tazarar zamani: an fara rubutu a Uruk, wani birnin Sumeriyawa, wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, Sumeriyanci ya fita daga bakin jama'a wajen 2000 ko jim kaɗan bayan haka, rubutun Tamil mafi tsufa kuwa ya zo bayan fiye da shekara dubu. Shi ya sa masana fannin har yau suke lissafa Sumeriyanci a harshen da ba a gano masa dangi ba.

Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne tunawa da maƙwabtansu Akadiyawa, waɗanda harshensu ya gaje ƙasar. Su kam danginmu ne na nesa, a babban gidan da masanin harsuna Joseph Greenberg ya sa Hausa tare da Larabci da Ibrananci da harshen Masar ta dā. Ba'akade zai ce shumu, mu ce suna. Zai ce matu, mu ce mutu. A ƙarshen kalma yana sa ka in da namiji yake magana, ki in da mace, daidai da gidanka da gidanki. Irin waɗannan ƙananan ƙasusuwa ba a cika saye ko aronsu a kasuwa ba, gadonsu ake yi. Su nake nema tsakanin Sumeriyanci da Tamil ban gani ba.

Amma hanya ta haɗa mutanen can da na wannan yanki, wannan tabbas ne. Sarki Sargon na Akad, wajen 2300 kafin Annabi Isa, ya yi alfaharin cewa jiragen Meluhha suna tsayawa a mashigar birninsa, kuma yawancin masana na ganin Meluhha ita ce ƙasar kogin Indus. An tono duwatsun ado jajaye na ƙasar Indus a kaburburan sarakunan Ur. Akwai kuma wani ɗan hatimi a gidan tarihi na Louvre mai ɗauke da sunan Shu-ilishu, tafintan harshen Meluhha. Wane harshe yake fassarawa? Rubutun Indus har yau ba a karanta shi ba, ko da yake wasu na kyautata zaton dangin Tamil ne. Tafintan nan ya tsaya mini a rai da la'asar, lokacin da likita ya zo yana yi wa nas Tamil, yana yi mini Turanci, ni ina mayar wa Umma da Hausa, ina auna kowace kalma kada in tsorata ta.

Da dare na ba ta labarin dattijon, har da yadda ƙungiyar masana harshe ta Paris ta hana kawo mata rubutu kan asalin harshe a 1866, saboda hasashe ya yi yawa. Ta ce, "To ai Allah Ya sanar da Annabi Adamu sunaye dukkansu, bambancin harsuna kuma aya ce." Sannan ta ce in tambayo mata yadda ake godiya da yarensu. Na leƙa na tambayo: nandiri. Ta maimaita sau uku tana gyara filo, wai gobe da safe za ta faɗa wa yarinyar. Sakamako sai ƙarfe goma.