Hannu ya fi saurin ƙari

Aikina haɗa sauti ne. Mawaƙa da makaɗa su zo situdiyo, a ɗauki kowa a layinsa, murya daban, ganga daban, gita daban, sannan su watse su bar ni da tarin layuka a kwamfuta in mayar da su waƙa ɗaya. Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka ado nake yi wa waƙa, in yi ta ɗora mata kaya har ta yi kyau. Alhali yawancin yinina a rage-rage yake ƙarewa: yanke nan, sassauta can, kashe wancan layin ɗungurungum. Na daɗe ina ganin wannan halin sana'armu ce kawai, sai da na fara lambu a bayan gidana na ga ashe abin ya fi gaban situdiyo.

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a sakan ɗaya, kuma ɓangaren saman nan yana zaizayewa yayin da shekaru ke ja. Iyakar filin da muke da shi ke nan, babu mai ƙara mana ko taku ɗaya. Idan sauti biyu suka faɗo wuri guda a cikin filin, mai ƙarfin sai ya danne mai rauni, kunne ya daina jinsa ko da yana nan. Matsalar ita ce fiyano da gita da muryar mutum duk a tsakiyar filin suke cunkushewa.

Ga yadda abin yake kasancewa kusan kullum. Mawaƙi yana zaune a kujerar da ke bayana, ya miƙo wuya ya ce, "Oga, ba na jin muryata, a ɗan ɗaga ta." In na ɗaga, mai gita ya gyara zama ya ce shi kuma an binne shi. In na ɗaga gita, ganga ta yi sanyi. Kafin ka ankara an zagayo an koma 'yar gidan jiya, sai dai yanzu kowa kururuwa yake yi. Abin da ke warware rigimar ba ya kan layin muryar ma. Layin gita nake zuwa, in lalubo wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000, inda kalmomi ke samun kaifinsu har a rarrabe "sa" da "ta", in sassauta gitar kaɗan a daidai nan. Sai murya ta fito sarari ba tare da an taɓa ta ba. Mai gita bai ji an rage masa komai ba, mawaƙi kuwa yana murmushi, ya ɗauka umarninsa na bi. Ba na gyara masa zato.

Dalilin da ya sa ƙari ke da daɗin yaudara yana cikin kunnen kansa. A 1933 wasu masu bincike biyu a ɗakunan gwaji na kamfanin Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda mutane ke jin ƙarar sauti, suka nuna cewa kunne ba ya yi wa sautuka adalci. Idan ƙara ta yi ƙasa, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa, a bar na tsakiya. Idan aka ɗaga ƙara, sai kaurin ya dawo, waƙa ta ji kamar ta cika ta batse. Shi ya sa duk abin da ka ɗan ƙara wa ƙarfi zai yi maka kamar ya fi kyau, ko da ɓata shi ka yi. Ogan da na koyi aiki a hannunsa ba ya sauraron ra'ayin kowa a kan gyara sai an daidaita ƙarar na farko da na biyu. "Kai yaro, daidaita su tukuna, sannan ka faɗa mini wanne ya fi." Sau da yawa bayan an daidaita, sai ka tarar na farkon da ba a taɓa ba shi ne mai kyan.

Masana'antar waƙa gaba ɗayanta ta taɓa faɗawa wannan ramin. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, kuma yana da rufin da sauti ba zai iya wucewa ba. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar wa ya fi ƙara, kowa yana son waƙarsa ta yi tsawa fiye da ta maƙwabcinsa. Tun da rufin ba ya ɗaguwa, sai aka koma matse sauti: a danne wuraren da suka yi sama, a jawo na ƙasa su taso, har waƙa ta zama daga farko zuwa ƙarshe a mataki ɗaya. Ganga ta rasa dukanta, wurin da ya kamata a yi raɗa ya zama ihu. Garin neman ƙiba aka samo rama. Abin da ya rage zafin gasar shi ne manhajojin sauraro irin su Spotify da YouTube sun fara daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, wadda ta cika ƙara su sassauta ta. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa sai ya tashi a tutar babu: ƙararsa daidai da ta kowa, ga shi ya zubar da numfashin waƙar.

Abin mamaki, fasahar da ta kai waƙa cikin aljihun kowa a kan ragewa aka gina ta. Tsarin MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci samar da shi kuma aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, yana amfani da wannan dannewar da na ambata. Manhaja tana lissafa sautin da kunne ba zai ji ba saboda wani ya rufe shi, sai ta yi tsumulmular wurin ajiya a kansa. Da haka waƙa ke komawa wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmanta a CD, kuma yawancin masu sauraro ba sa jin an taɓa komai.

Sai dai fasahar kwamfuta ce kuma ta cire mana takunkumi. A shekarun 1960 manyan situdiyo da layi huɗu suke aiki a kan tef, a shekarun 1970 aka kai 24. Mai layi huɗu dole ya yanke shawara tun kafin a fara ɗauka: me zai shiga, me za a bari. Yau kwamfutar da ke kan cinyar ɗalibi tana ɗaukar ɗaruruwan layuka, babu mai tilasta wa kowa zaɓi. Sai a turo mini waƙa da gita kala-kala suna faɗin abu ɗaya, da muryoyin amshi jere-jere, wai in zaɓa. Ba na kewar zamanin tef, wahalarsa ta fi daɗinsa. Amma na lura ƙarancin layi yana yi wa mutanen wancan zamanin wani aiki wanda yanzu ya dawo kan mai haɗa sauti.

Na taɓa ɗauka wannan ciwon masu waƙa ne, sai na ci karo da wani bincike na malaman Jami'ar Virginia da mujallar Nature ta buga a 2021. Sun ba mutane abubuwa daban-daban su gyara, ciki har da ginin 'yan bulo na wasan yara, suka ga yawancinsu ƙari suke fara tunani ko da cire abu ɗaya ya fi sauƙi da arha. Ba wai sun auna ragewa sun ƙi ta ba ne, ba ta ma faɗo musu a rai ba sai an tuna musu.

Lambun kuwa don in hutar da kunne na fara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada sauraro ya wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kuma mai irin aikina yana cinye kason nan tun mako bai je ko'ina ba. To a lambun ma sai na tarar da tsohon abokin rigimata.

Ɗauki ban ruwa. Ƙasa mai kyau kusan rabinta gurabe ne, ruwa ya cike wasu, iska ta cike sauran. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar oksijin kamar kowane abu mai rai. In ka yi ta ɗura ruwa har guraben iska suka toshe, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa. Sai ganye ya yi laushi ya sunkuya, daidai yadda yake yi in ƙishi ya kama shi. Mai shuka ya leƙo da safe, ya ga ganye a langaɓe, tausayi ya kama shi, ya ruga ya ɗebo wani ruwan. Shuke-shuken tukunya da yawa kulawa ce ke kashe su. Maganin kuwa ba ya buƙatar na'ura: tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji danshi da sanyi, ajiye abin ban ruwan ka tafi harkarka. Akwai 'yan na'urori masu buɗe famfo da kansu a kan lokaci, suna da amfani ga mai tafiye-tafiye, amma masu arhar cikinsu agogo kawai suka sani, ko ruwan sama aka kwana ana yi sai sun yi aikinsu.

Taki ma haka. Tumatir da aka cika wa naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye, yakan yi tsayi, ganye kore shar, ka gan shi ka ce lambun nan ya ci gasa, amma fure kaɗan, 'ya'ya kaɗan. Wanda ya fi yi mini wuya shi ne rage tsiro. Ka zuba irin karas a fangali, ya fito jere gwanin sha'awa, kowanne da ɗan gashin ganyensa, sannan a ce ka bi layi kana tuge masu rai kana barin tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin waɗanda suka rage. Hannu yana nauyi. Amma in ka bar su duka, ranar tono sai ka samu 'yan siraran saiwoyi sun nannaɗe juna, babu ko ɗaya da ya kai a kira shi karas.

Kada a ce ina wa'azin rowa. Wani lokaci abu ya rasa ne da gaske, kuma dole a ba shi. Masanin noma Carl Sprengel ya bayyana a 1828, Justus von Liebig kuma ya yayata daga baya, cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka, ba jimillar abin da aka ba ta ba. Ana kwatanta shi da gangar katako mai tsayin alluna daban-daban: ruwa ba ya wuce allon da ya fi gajarta. Shukar da fosforas ya yi wa ƙaranci, ko buhu nawa na naitirojin ka juye mata ba za ta motsa ba, ƙona ta ma za ka yi. Ƙari yana da wurinsa, sai dai wurin guda ɗaya ne, kuma nemo shi yana cin lokaci fiye da juye buhu.

A kicin ba sai na ja magana ba. Nama yana yin ja da ƙamshi ne ta hanyar haɗuwar sinadaran da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma wannan ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salsiyas. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin yana kwance a kasko zafin ba zai wuce nan ba. In ka cika kasko maƙil don ka gama da wuri, ruwan da naman ke fitarwa ba ya samun hanyar ƙafewa, sai suya ta koma dafuwa, nama ya fito fari-fari ba armashi. Raba shi gida biyu, ka bar fili tsakanin yanka da yanka, za ka ji ƙarar kaskon ma ta canza.

Inda gizo ke saƙar a wurin aiki shi ne ragewa ba ta da shaida. In na ƙara wa waƙa amo da kayan ƙyale-ƙyale, mai waƙa yana ji, ya san kuɗinsa sun yi aiki. In na yini ina cire abin da ke damun muryarsa, abin da zai gani a allon kwamfuta shi ne layukan da ya biya makaɗa suka buga, ga su nan a kashe. Wani ransa yakan ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba: ya kwana yana tsara wannan amshin, ni kuma na zo na danna maɓalli ɗaya na yi shiru da shi.

Yanzu na daina jayayya da baki. Nakan shirya waƙar iri biyu, cikakkiya da wadda na rage, in daidaita ƙararsu, in juya allon yadda ba za a ga wacce ke tafiya ba, in kunna su bi da bi a lasifikar situdiyo sannan a ƙaramar waya, tun da a nan yawancin mutane za su saurara. Yawanci wadda aka rage ake nunawa da yatsa. Wani lokacin kuma mai waƙa ya saurara da kyau, ya gane wadda aka cire wa amshinsa, ya ce a mayar masa da kayansa duka. Sai in mayar, in nemi inda zan sassauta su yadda ba za su hau kan murya ba, don sunansa ne zai fita a kan waƙar.