Jamusanci ga mai jin Turanci: inda zumunta ke amfani da inda ba ta yi

Jamusanci da Turanci 'yan gida ɗaya ne. Su biyun, tare da harshen Holan da na Afirkans, suna reshen yamma na danginsu, yayin da harsunan Suwidin, Denmak, Norwe da Aisland ke reshen arewa. Mutum kusan miliyan 95 ne suka buɗe baki da Jamusanci, kuma harshen hukuma ne a ƙasashe shida: Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Beljiyam, Lukzambur da Liktenshitain. A Namibiya har yau ana buga jarida da shi. A Kamaru, wadda Jamus ta riƙe daga 1884 zuwa 1916, ana koyar da shi a sakandare.

Mai Turanci yana da rangwame, domin bambancin kalmomi da yawa kan ƙa'ida yake tafiya. Inda Turanci ke da t, sau da yawa Jamusanci na da ss ko z: water, Wasser, ten, zehn. Haka p kan koma pf, kamar apple da Apfel, th kuma ya koma d, kamar three da drei.

Iyakar rangwamen ke nan. Jinsin sunaye a Jamusanci uku ne, der na namiji, die na mace da das na tsaka-tsaki, kuma ba ruwansu da azanci: das Mädchen, wato yarinya, ba jinsin mace take ba. Bahaushe ya saba gane tamata da wasalin a na ƙarshe. Nan ma akwai 'yan alamu, don duk sunan da ya ƙare da -ung na ɗafi, -heit ko -keit die ne, mai -chen kuwa das. Sauran sai hadda. Kada ka rubuta suna shi kaɗai, haɗa shi da jinsinsa da jam'insa: das Buch, die Bücher. Wanda ya tsallake wannan zai sha wuya ranar da der ya fara rikiɗa zuwa den da dem.

Aikatau yana zama na biyu a jimla ko da me aka fara: Heute gehe ich ("yau zan tafi"), ba Heute ich gehe ba. Bayan weil (saboda) ko dass (cewa) kuwa can ƙarshe yake komawa. Ƙidaya ma a juye take, 21 "ɗaya da ashirin" ne. Halb acht kuma bakwai da rabi ne, ba takwas da rabi ba, kuma jirgi ba zai jira ka ba.

Matakan iya harshen shida ne, A1 zuwa C2. A Jamus galibi A1 ake nema a bizar bin miji ko mata, B1 a zama ɗan ƙasa, B2 a aikin jinya. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, na da ofis a Legas, Akara da Yawunde. Jarrabawar B1 kashi huɗu ce, karatu, sauraro, rubutu da magana, kowanne sai da maki 60 cikin 100, kuma wanda ka faɗi kaɗai za ka maimaita. Mai niyyar Suwizalan ya sani cewa karin harshen kan titi a can dabam yake da na littafi.