Na je Tokiyo na dawo da kyamara mai ido biyu

Mako guda ke nan da dawowata daga Japan, kuma har yanzu ƙanshin tsohuwar fata da man inji na shagunan kyamara bai bar hancina ba. Aiki ne ya kai ni a watan Mayu, amma tun daga Kano na ƙudura cewa ba zan dawo ba sai da kyamarar fim mai faɗi, irin wadda take cin fim mai lamba 120. Kamfanin Kodak ne ya fito da wannan fim a 1901, faɗinsa kusan santimita 6, kuma idan kyamarar mai ɗaukar hoto murabba'i ce, hoto 12 kacal nadi ɗaya yake bayarwa.

Shagunan kyamarori na hannu sun taru ne a yammacin tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke Tokiyo, da yawansu a benen sama na wasu siraran gine-gine, sai mutum ya hau matsattsiyar matakala kafin ya iske su. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne takardar da ke jikin kowace kyamara. An rubuta darajarta, A ko AB ko B, sannan an bayyana aibinta ƙarara: nan akwai ƙarzuwa, nan akwai fumfuna a cikin gilashi. A kasuwar Sabon Gari mai saye ne yake farautar aibin kaya, mai kaya kuwa yana rantsuwa cewa lafiya lau. A nan mai kaya ne yake nuna maka aibin da yatsansa. Sai dai babu tayi, babu albarka, babu sallamawa, kuma ni dai ina ganin ciniki ba tare da 'yar ja-in-ja ba ya rasa wani daɗi, ko da an cire wa baƙo harajin kashi 10 cikin ɗari idan ya nuna fasfo.

Da niyyar Mamiya RB67 na je, wadda ta fito a 1970, amma da na ɗaga ta na ji ta haura kilo biyu da rabi, sai jikina ya yi sanyi. A wani ƙaramin shago a Nakano, 'yan mintoci kaɗan daga Shinjuku, wani dattijo ya tambaye ni ta manhajar fassara abin da nake so in ɗauka. Na ce masa fim ɗin infirared nake so in gwada, wato fim mai ganin hasken da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya kaiwa gare shi. Nan take ya mayar da RB67 cikin kabad, ya ɗauko Mamiya C330 mai ido biyu. Dalilinsa ya gamsar da ni. Matacin haske na R72, wato gilashin da ake ɗaurawa a idon kyamara domin irin wannan fim, yana tare kusan duk hasken da ke ƙasa da nanomita 720, wato kusan duk hasken da ido yake gani, ga ido baƙi ƙirin yake, saboda haka idan aka ɗaura shi a kyamara mai ido ɗaya, mai ɗauka ba zai ga komai ba. A mai ido biyu kuwa, matacin yana kan idon ƙasa mai ɗaukar hoto, na sama yana nan a buɗe domin saiti.

Dattijon ya buɗe bayanta, ya haska fitila ta cikin gilashin domin in gani da idona cewa babu fumfuna, wadda ita ce annobar kyamarori a ƙasa mai laima kamar tasu, yadda ƙurar hunturu take tamu. Ya miƙe zuga-zuginta, mai kama da na maƙeran Kurmi, ya duba ko akwai huda. Ya gwada ƙyauren idonta, wato wanda yake buɗewa haske ya shiga, a daƙiƙa ɗaya, muna sauraron ƙararsa tare. Da ya ga soson da ke tare haske a bakin murfi ya fara ruɓewa, sai ya zaunar da ni, ya kawo shayi, ya canza shi ba tare da karɓar ko yen ɗaya ba. Ba ta cin batir ko kaɗan, abin da ya ƙara kwantar mini da hankali.

Fim ɗin kansa ya yi tsada ƙwarai, kuma zaɓin kaɗan ne, domin Kodak ya daina yin fim ɗinsa na infirared mai suna HIE tun 2007. Na sayi Rollei Infrared 400 da Ilford SFX 200. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na kamfanin Keio zuwa dutsen Takao, mai tsayin mita 599. Da mataci a gaba, fim mai ƙarfin kama haske 400 yakan koma kamar 12 ko ƙasa da haka, don haka dole kyamara ta zauna a kan ƙafa uku. Na ɗora fim a inuwa, na tsuke ido zuwa f/16, na ɗan jawo saitin kusa, domin infirared ba ya haɗuwa daidai inda hasken da muke gani yake haɗuwa. Kowane hoto sai da na jira iska ta lafa.

A hanyar dawowa ne raina ya ɓaci. A filin jirgin da muka yada zango, na roƙi wani jami'i ya duba fim ɗin da hannu, saboda na'urar haska kaya tana iya ɓata shi. Ko kallona bai yi ba, ya fizge jakar ya tura ta cikin na'ura. A Japan kuwa, da na roƙi haka, an karɓa da hannu biyu.

Allah ya taimaka nadin Takao na riga na wanke shi a Tokiyo. Ganyayen bazara sun fito fari fat kamar auduga, sama baƙa, itatuwan sida kuwa toka-toka. Masanin kimiyya Robert Wood na Amurka ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910. Nadi biyu da suka bi ta na'ura suna cikin firij, ina jiran damina ta kankama in gwada su a kan darbejiyar ƙofar gidanmu.