Kaskon garwashi a ɗakin Inna

Wata Talata ce cikin Janairun da ya wuce, jaura ta kwana tana kaɗawa, irin sanyin nan namu na Argungu da ke tasowa daga fadama ya ratsa bargo ya shiga har ƙashi. Na dawo daga sallar asuba na biya ɗakin Inna in gaishe ta kamar kullum sai na tarar da ƙofa a rufe, abin da ba ta saba ba kenan, don ita kafin ladan ya yi kiran farko ta riga ta yi alwala tana kan tabarma. Na ƙwanƙwasa shiru, na sake bugawa da ƙarfi, sai can na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Da ƙyar ta jawo jiki ta zare sakata. Ina shiga na ji ɗakin da ɗumi mai daɗi wallahi, ba hayaƙi ba warin komai, ga kasko nan a tsakiya garwashin ya soma zama toka, taga kuma an toshe ta da tsohon zane. Inna ta dafe kai ta ce ji take kamar zai tsage, 'yar ƙanwata mai shekara shida da ke kwana wurinta kuwa da muka tashe ta layi kawai take yi, kafin mu fito da ita tsakar gida ta yi amai sau biyu.

A asibiti ma'aikacin da ya duba su ko katin bai gama rubutawa ba ya ɗago kai ya ce, da wuta suka kwana a ɗaki ko? Na ce eh. Aka sa wa yarinyar oksijin, zuwa azahar Allah ya sa duk sun warware, alhamdulillahi. Amma ni har yau in na tuna shirun nan na bayan ƙofa sai gabana ya faɗi.

Da yamma na zauna kusa da ita na ce, Inna don Allah kaskon nan a daina kwana da shi. Ta dube ni ta ce, “Kai wanga yaro, ai sai da garwashin ya yi ja na shigo da shi, babu hayaƙi ko kaɗan, mi za ya yi muna? Haka munka tashi munka iske ana yi.” Kuma gaskiya ta faɗa, haka suka iske. Sai dai ɗakin da suka taso cikinsa ɗakin jinka ne, iska na shiga ta saman ciyawa tana fita, ƙofa asabari ce ko kyauren kara. Ɗakinta na yanzu bulo ne da siminti, rufin kwano, ga silin, ga ƙofar ƙarfe da in an rufe ta ko sauro sai ya yi dabara. Al'adar tana nan yadda take, ɗakin ne ya canza, shi ya sa abin da bai cutar da kakanninmu sosai ba yanzu yake kwashe mutane gida guda cikin dare ɗaya.

Maganar wai in garwashi ya yi ja shi ke nan babu illa, ita ce na fi so mutane su cire daga ransu. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari ba ta sa ido hawaye, don haka ba abin da zai ankarar da kai. In ka shaƙe ta sai ta kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take yi wa jinin ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci mai nauyi, wanda kuma yake barcin dama ina zai san ana yi. Hayaƙin itace ko ba komai zai sa ka tari ka tashi ka buɗe ƙofa, jan garwashi kuwa lallaɓa ka yake yi.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan harka ta jin ɗumi da itace, sai na ga ashe mu nan tsakanin abu biyu muke. In muka hura wuta a tsakar gida ko bakin titi kamar yadda samari da masu shayi ke yi da asuba, zafin sama yake tafiya abinsa, gabanka na gasuwa bayanka na rawar ɗari, dami guda ya ƙare kafin rana ta fito. In kuma muka shigar da wutar ɗaki muka rufe, zafin ya zauna amma tare da gubarsa ya zauna. Ko murhun girkinmu na duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran duk iska ce ke kwashewa ta gefe. Wato in ka sayi itacen dubu, na ɗari da wani abu ne ya dafa tuwon.

Mutanen ƙasashen sanyi da suke shafe wata biyar shida cikin ɗari, abin da suka yi shi ne raba zafi da hayaƙi. Murhunsu akwatin ƙarfe ne rufaffe mai 'yar ƙofar gilashi, wutar na ciki, jikin ƙarfen ne ke ɗaukar zafi yana ba ɗaki, hayaƙin kuma ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Na zamanin ma sun ƙara masa wata dabara da ta burge ni, ana shigar da iska mai zafi ta saman wutar don shi kansa hayaƙin ya sake kamawa ya ƙone, saboda hayaƙi ai ba komai ba ne illa itacen da bai gama ci ba, kuɗinka ne ke tashi sama baƙi ƙirin. Irin wannan murhun yana iya riƙe kashi 70 zuwa 80 na zafin a cikin gida, alhali tsohon murhunsu buɗaɗɗe na jikin bango yawancin zafin bututu yake bi ya gudu.

To amma kar a ɗauka su sun huta. A Ingila ƙona itace a gidaje na cikin manyan hanyoyin da ke cika iska da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ido ba ya gani, waɗanda ke shigewa can cikin huhu har su kai ga jini. Shi ya sa daga watan Mayun 2021 suka soma hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, sai wanda ya bushe, ruwan jikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Daga 2022 kuma duk sabon murhun da za a sayar a can da ƙasashen Tarayyar Turai sai ya cika ƙa'idar rage hayaƙi. Ka ga masu bututu kenan fa. Mu da ba mu da bututu, uwa na tsugune gaban murhu da goyo a baya, dubi kunkunniyar da ke manne a rufin kicin ɗin gidanku ka tambayi kanka ina wadda aka shaƙa ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, cikinsu har da yara ƙanana da ciwon huhu ya kama.

Batun ɗanyen itacen nan ya tsaya min a rai don kullum muna gani. Itacen da aka saro yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka tura shi wuta za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa, wutar ta yi ta fama da ƙafar da ruwan kafin ta ba ka zafi, ga hayaƙi kamar ana korar zuma. Da can mata kan fita su tsinto busasshen marke ko kirya da ya faɗi da kansa, yanzu ina? Busasshen ya ƙare kusa da gari, daji mai nisa kuma matsalar tsaro ta hana shiga a wurare da dama, musamman wajen 'yan uwanmu na Zamfara, sai aka koma kan na kusa, sabara da kalgo da geza tun suna ɗanyu, har darbejiyar bakin hanya ba a bari ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa da na sani sun jingine tukunyar gas sun koma gawayi.

Shi gawayin kuma a gida yana da tsabta, amma ɓarnarsa a daji take. Yadda ake yinsa a gargajiyance, a tara itace a rufe da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Kuma ba kowane ice masu gawayi ke so ba, mai nauyi suke nema, kirya da marke, wani lokaci har kaɗanya da mata ke samun man kaɗe daga gare ta. Akwai masu cewa ai itace ba kamar fetur ba ne, iskar da ya fitar in ya ƙone wata bishiyar za ta zuƙe in tana girma. Na yarda, in har akwai wata bishiyar da ke tasowa a gurbin wadda aka sare. Kiryar da ta shekara arba'in tana girma a ƙone ta cikin kwana uku ba a dasa komai ba, wannan lissafin bai fita ba. Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 da aka sa a shirin nan na katangar bishiyoyi don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007, amma ni abin da ya fi kama hankalina shi ne na maƙwabtanmu na Nijar, sassabin zamani. Tun shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka koma barin kututturen da ke tohowa a gona, a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a rage sauran, abin ya yaɗu har aka farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen gida, bishiyar kuma tana tsaye. Ba kuɗi ake kashewa ba, haƙuri ne da wuƙa.

Wani abokina ya ce to me zai hana in saya wa Inna murhun nan mai tsimin itace, Save80, wanda wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ke yaɗawa a Arewa. Na gan shi yana aiki, da 'yan ƙirare kaɗan yake tafasa tukunya, don girki gaskiya ba laifi. Sai dai shi aikinsa tattara zafi ya kai gindin tukunya, ba ya ba wanda ke gefe ɗumi, kuma tsofaffinmu rabin abin da ke zaunar da su bakin murhu da hunturu ɗumin ne. Duk wanda zai kawo wa mutane murhu bai yi la'akari da wannan ba zai dawo ya iske an ajiye shi bayan ɗaki.

Abin da ya ba ni mamaki, amsar da nake nema ashe tana ɗakin kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta. Gadon ƙasa gare ta, ginin laka mai rami a ƙasa, da magariba a zuba garwashi ciki, lakar ta sha zafi ta riƙe, ta yi ta sakinsa a hankali har asuba. Irinsa ake yi wa mai jego. Wannan hikimar ta adana zafi cikin gini ita ce dai ake amfani da ita a manyan murahun bulo na Rasha da Finlan, a hura wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ginin ya yi ta ɗumama gida bayan wutar ta mutu. Abin da gadon kaka ya rasa kawai hanyar fitar hayaƙi, da bakin ramin ta waje yake da ɗan bututu a ɗaya gefen, da magana ta ƙare. Sanyinmu bai fi na wata biyu zuwa uku ba, Disamba zuwa farkon Fabrairu, ba sai mun sayo akwatin ƙarfe daga Turai ba, muna da magina muna da masu walda muna da yumɓu. Ga kuma ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi bayan kowane injin casa daga nan har Birnin Kebbi da Jega, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, wasu wuraren wuta kawai ake cinna masa ya yi ta turnuƙe unguwa, alhali ana iya matse shi ya zama dunƙulen makamashi a bar kirya ta huta.

A gidanmu dai ga inda muke. Kasko ya daina kwana a ɗaki, ko da garwashin ya yi ja kamar gauta. Zanen da ke taga na cire shi da hannuna. Da dare ana tafasa ruwa a ɗura a jarka a naɗe da tsumma a sa wa Inna wajen ƙafa, wani lokacin kuma jan bulo ake gasawa a murhun tuwo a naɗe mata shi, na ƙaro mata bargo da safa. Satin farko ta yi ta mita, daga baya da kanta take cewa a ɗora mata ruwan. Itacen bana tun kaka na saye shi, na sa aka faskara aka jera kan bulo a rumfa inda iska ke ratsa shi, matata ta ce rabin abin da ta saba turawa yanzu yake isar ta.

Na kuma zauna da wani magini a unguwarmu mun zana gadon ƙasa a jikin bangon zaure, bakin wutar ta waje, bututun ya wuce saman kwano ya yi nesa da katakon rufi saboda gobara. Ya ce bai taɓa yin irinsa ba amma zai gwada in ya gama aikin da ke hannunsa. A zauren za mu fara hura shi, ƙofa a buɗe, ni zan kwana kansa dare uku tukuna kafin in yi wa Inna maganar nata ɗakin.