Daga keken sama zuwa lasisin PPL: aikinmu a Zariya

Duk wanda ya girma a Palladan ko Samaru ya san ƙarar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda ke garin nan tun 1964. Muna yara mukan jingine kekuna a bakin titin Sakkwato mu yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage. Sai ga shi da lokacin nawa tashin ya zo, ba a Zariya na fara ba. Neman abinci ya kai ni Afirka ta Kudu, can na haɗu da abin da ake kira maikrolait, ni kuwa keken sama nake ce masa. Ka ɗauka an cire wa Keke Napep rufi, an rataye ta a jikin wani ƙaton fiffike na yadi, an ɗaura mata inji a baya. Kujeru biyu ne, ɗaya bayan ɗaya kamar goyon babur. Wanda na koya da shi injin Rotax 582 gare shi, mai ƙarfin doki 65, man da yake sha kuma fetur ne irin na mota. Babu gilashi tsakaninka da iska. Idan ta juya, fatarka ce za ta fara gaya maka.

Na dawo gida ina jin kaina matuƙi, na shiga neman lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai, wato PPL. Ranar da muka fara gwajin sauka ne aka sauke mini girman kai. A keken sama sanda ce a gabanka: ka tura ta gaba hanci ya ɗaga, ka jawo ta jikinka ya sunkuya. Jirgi mai sitiyari akasin haka ne. Muna dab da taɓa ƙasa, daidai inda ya kamata in ja, sai hannuna ya tuna tsohon karatunsa ya tura. Malamina, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya karɓe jirgin kafin in ƙifta ido, ya ƙara wuta muka sake hawa sama. Sai da muka sauka ya cire abin kunnensa ya ce, "Malam, kanka ya fahimta, hannunka ne bai ji ba." Ƙafa ma haka. A keken sama idan kana tafiya a ƙasa ka taka hagu, dama za ka nufa. A nan kuwa hagu hagu ce. Na fi mako ina tafiyar maciji a kan layin nan mai ruwan ɗorawa da jirgi ke bi a ƙasa.

Wannan kunyar ita ce jarin da na buɗe wurin nan da shi. Ɗaki biyu ne a saman bene kusa da Kwangila. Ba mu da jirgi, ba ma ba da lasisi, wannan aikin NCAA ne, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da makarantun da ta amince da su. Namu shi ne shirya mutum kafin ya fara ƙona kuɗinsa a sama. A ɗaki na farko akwai na'urar kwaikwayon tuƙi: kwamfuta, allo uku, sitiyari da matakan ƙafa. A gefenta na rataye sanda irin ta keken sama, wadda wani mai walda a Sabon Gari ya haɗa mini, sau uku ina mayar masa da ita kafin nauyinta ya yi mini. Ɗalibi ya yi minti goma a sanda, in tashe shi ya koma sitiyari, in kashe masa inji ba sanarwa. Ba fuskarsa nake kallo ba, wuyan hannunsa nake kallo, don a firgice ne tsohon hali ke fitowa. Kuma tun ranar farko nake faɗa wa kowa cewa awannin da aka yi a kan na'urar nan ba sa shiga lissafin hukuma.

A nan ne muke rabuwa da wasu iyaye. Kwanaki wani Alhaji ya zo da ɗansa da ya yi tashin maikrolait a waje, ya zauna yana taya kuɗin karatu kamar yana cinikin buhun masara. "Ai yaron nan ya iya, Malam, goge shi kawai za ka yi, a yi mana rabi." Na ce, ranka ya daɗe, bari mu duba. Ƙa'idar ICAO, ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, 5 daga cikin goman nan na tafiya gari zuwa gari, har da wata ta kilomita 270 da zai sauka a filaye biyu daban. Sai ya cika shekara 17, sai likitan da aka yarda da shi ya ba shi takardar lafiya mai daraja ta 2. Abin da za a ƙirga masa daga tsofaffin awanninsa kuwa hukuma ce ke da ta cewa. Muka buɗe littafin awannin yaron, shafi shida babu sa hannun malami ko ɗaya. Alhaji ya gyara hula ya yi shiru.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da tambayoyin jarrabawa a WhatsApp. Su tattaro takardu daga intanet, rabi ma na dokokin Amurka ne, su ce mako biyu ka haddace ka ci. Yaro ya zo mini ya haddace cewa sai ana hangen kilomita 5 ake tashi da ido, wato ba tare da dogaro da na'urori ba, amma ka fito da shi baranda ranar hazo ka nuna masa wajen dutsen Kufena ka ce, yau fa? Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Zariya ta haura ƙafa 2,000 daga matakin teku, idan zafin Afrilu ya haɗu da wannan tsayi, iska kan yi sako-sako, jirgi ya ci titi da yawa kafin ya ɗaga. Da fensir da jadawali muke lissafa wannan, haka nauyin kaya da na mai. Ina ajiye da kwalbar gwaji don su san shuɗin man ƙananan jirage da ake kira 100LL da yadda ruwa ke kwanciya a ƙasansa. Masu haddar nan ba su taɓa shinshinarsa ba. Masu kawo kaya ma sai a hankali: an taɓa aiko mini da abin kunne guda huɗu da sunan na asali, wata biyu sosonsu ya fara zuba kamar garin kwaki.

Ɗaki na biyu na rediyo ne. Mai keken sama ya saba tashi daga gona babu wanda zai tambaya, yanzu kuma sai ya nemi izinin hasumiya da Turanci, ya maimaita abin da aka ce masa ba ragi, don ana son Turancinsa ya kai mataki na 4 a ma'aunin ICAO. Nakan koma bayan labule in zama ma'aikacin hasumiya, in yi magana da sauri, in jefa masa lambar da ba daidai ba in ji ko zai kama ni.

Ajinmu ya fi cika daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke yawan zaunar da jirage a ƙasa. Mai zuwa ya taho da littafin awanninsa, shi nake fara buɗewa kafin mu yi maganar kuɗi.