Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fuskar Marsandin Baba

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin aikina na farko. Ku yi mini uzuri, ba zan iya ba. Shekaranjiya wata tsohuwar Marsandi ta gifta ni a hanya, siginarta ruwan lemo, tauraronta a kan ragar gaba, tun daga lokacin maganar Baba ta hana ni sakat.

Allah ya jiƙansa, cewa yake yi: "Mota da fuskar da aka haife ta ake gane ta." Ya faɗa sau ba adadi, har muka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Motar tasa 230E ce, ƙirar W124, wadda kowa ke kira V-boot. A ƙarshen 1984 kamfanin ya fito da wannan ƙira, tasa kuwa ta farkon ce tsantsa: siririn baƙin roba a gefen ƙofofi, raga mai kaurin ƙarfe mai ƙyalli, tauraro a tsaye a kanta, da waifa guda ɗaya tal da ke miƙewa tana share gilashi har kusurwa. Ni ne mai wanke ta. Na san duk wani lungu da ƙura ke maƙalewa a ragar nan, da tsohon buroshin haƙori nake bi.

A 1989 aka yi wa ƙirar kwaskwarima ta farko, aka liƙa mata faffaɗan allon roba a ƙasan ƙofofi. Baba ya kalli ta abokinsa ya ce an ɗaura wa mota zani. A 1993 aka yi ta biyu, wadda ta fi ƙona masa rai: an rage ragar an cusa ta cikin bonet, tauraro ya koma kan bonet ɗin, sigina ta zama fara, murfin but ya sauya, har suna aka juya, harafin E ya dawo gaba, 220E ta zama E 220. Kawu na son wannan sabuwar sosai. Da yamma sai su zauna su biyu suna ja-in-ja. Kawu ya ce: "Yaya, ai ta fi tsafta, dubi yadda gaban ya kwanta." Baba ya ce: "Ya kwanta ɗin ne matsalar. Mota da fuskar da aka haife ta ake gane ta."

Sai da na girma na gano abin da da na sani a lokacin da na jefa musu a tsakiya. Mutum ɗaya ne, Bruno Sacco, ke shugabantar sashen zanen motocin kamfanin tun daga 1975 har 1999. Wato fuskar farkon da kwaskwarimar duk a ƙarƙashin idonsa suka fito. Allon roban nan ma da Baba ke kira zani, da sunansa Jamusawa ke yi masa laƙabi. Ban sani ba ko hakan zai sa Baba ya sauko. Ina zaton cewa zai yi mutumin tsufa ya kama shi.

To, abin da ya kawo ni. Bayan rasuwar Baba motar ta koma hannun Yayana. Ba a yi wata shida ba na je na tarar da ita a wurin mai gyaran jiki, bonet a ƙasa. Ya sayo na 1993, da fitilunsa, domin tsofaffin ba sa zama daidai da sabon bonet. Ya sa farar sigina, ya sa allon gefe, ya ɓamɓare lambar 230E ya manna E 220. Na ce: "Yaya, injin fa bai canza ba." Tsohon injin nan ne mai lita 2.3 da bawul takwas, ita kuwa E 220 ta gaskiya sha shida gare ta. Ya ce wa zai buɗe ya ƙirga? Wai yana so ta yi kama da sabuwa. Kuma murfin but ɗin bai canza shi ba, kuɗi sun ƙare, sai motar ta zama gabanta 1993, bayanta na da. Duk wanda ya san mota kallo ɗaya zai yi mata ya yi murmushi.

Har yau idan maganar ta taso cewa yake yi gyara ya yi. Yaya, idan kana karanta wannan, kuma na san matarka na karanta maka, ba gyara ba ne.

Amma bari in faɗi laifina kafin wani ya faɗa. Shekaru da yawa bayan haka, da na tashi sayen motata, Honda Accord na nema, kuma na tsallake ta 2003 na ɗauki ta 2006, wadda aka yi wa kwaskwarima. Fitilun bayan nan masu kusurwa uku na LED su suka ja ni, na farkon kuwa dogaye ne a kwance, ba su taɓa burge ni ba. Abokaina masu ta farkon suka yi ta yi mini tsiya, wai tasu ce ta asali. Na kare tawa da hujjoji irin na Kawu sak: ai sai da kamfani ya ji koken mutane sannan ya gyara, ai ta baya ta fi nuna. Ina cikin magana na ji muryar Baba a kunnena, na yi shiru. Sai dai ni fuskar da kamfani ya ba ta na saya, ban yanka ta wani na ɗora mata ba. Da wannan nake lallashin kaina.

Ranar da na tarar da bonet ɗin a ƙasa, yaron shagon na shirin jefa tsohuwar ragar cikin tarin ƙarafa. Na karɓe, na naɗe ta a rigata. Na yi ƙaura sau huɗu tun daga nan, tana cikin kayana. Tauraron ya ɗan karkace hagu, tun ranar da ƙanwarmu ta rataya a jikinsa tana ƙarama. Yaya bai san tana wurina ba sai yau.

Maganar aikin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.