Yadda na daina kwashe fayilolin kwastoma da hannu a shagona

Ni dai ƙaramin shagon buga takardu gareni, muna firintin, muna fotokwafi, muna zanen katin biki da na suna, sannan lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet ɗinsu nan ne aiki ke mana yawa har mu kai dare. Abin da ya fi cin raina shekara da shekaru shi ne neman fayil. Mutum zai shigo yace ai na turo tun jiya, sai in hau bincike, a WhatsApp ne ko a imel, a wayata ko a ta yarona, in na samu kuma sai in tarar sunansa wasu lambobi ne da waya ta laƙa masa, ga wasu guda uku masu kama da shi ban san wanne ne na ƙarshe ba. Akwai ranar da na buga wa wata baiwar Allah katin bikin 'yarta guda 300 da tsohuwar ranar ɗaurin aure, saboda gyararren yana wayar yarona ni kuma na ɗauki na kwamfuta. Cewa kawai tayi "Malam ai na turo gyara", kuma gaskiyarta ne. Kunyar ranar ta fi min asarar takardar ciwo wallahi.

Ƙanena ne ya fara nuna min Zapier. Yace Yaya wannan wahalar da kake ai akwai mai yi maka ita, kuma ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Kamfani ne na Amurka da wasu mutum uku suka fara a 2011 a jihar Missouri, aikinsa kawai ya haɗa manhajar da bata san 'yar uwarta ba, Gmail da Google Drive misali, ko Dropbox da Telegram (Drive da Dropbox wuraren ajiye fayil ne a intanet). Tsarin kamar bindiga yake, akwai kunama akwai abin da zai biyo baya in an taɓa ta. Kai zaka faɗa masa in kaza ya faru to kayi kaza, da danne-danne kawai kake zaɓa, su suna kiran kowane haɗi ɗaya Zap.

Na farkon da na haɗa mai sauƙi ne. A Gmail na saita abin tace saƙo, wato filter, duk saƙon da ya zo da fayil kuma akwai kalmar "bugu" a kansa a manna masa alama, shi kuma Zapier da ya ga sabon fayil mai wannan alamar sai ya ɗauka ya ajiye a wata folda a Drive. Ranar da na fara gwadawa an ɗauke wuta tun la'asar, wayata ta mutu, da safe na kunna kwamfutar shago na tarar fayilolin mutum biyar na zaune a folda suna jirana. Nan ne na gane abin da ya fi burge ni a harkar gaba ɗaya, ashe fayil ɗin baya bi ta wayata ko kaɗan, daga kwamfutocin Google yake tashi ya bi ta nasu ya koma, babu megabait ɗaya na datata a ciki, kuma ko ina barci ko babu sabis aikin na tafiya. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa yana kuma tayar da janareto shi zai san darajar wannan.

Sai dai na kyauta yana da iyaka. Lokacin da na fara, aiki 100 suke bayarwa a wata, kuma kunama ɗaya aiki ɗaya kawai zaka iya jerawa, sannan duk minti 15 yake leƙawa, wato in kwastoma na tsaye a gabanka ya turo yanzu to gara ka buɗe imel ɗin da kanka. Fayil 100 kuwa a lokacin furojet sati ɗaya ma bazai kai mu ba, biyan kuɗin kuma da dala ne, kowa ya san yadda dala take. Shi yasa na koma duba Make, wanda da can sunansa Integromat, 'yan ƙasar Cek ne suka ƙirƙire shi a birnin Prague, a 2022 aka canza masa suna. Shi a allo zaka ga wasu da'irori kana jona su da layi kamar kana jan wayar lantarki, kana iya jera matakai da yawa har da reshe, in PDF ne bi nan in hoto ne bi can, kuma mataki 1,000 yake bayarwa kyauta a wata.

To amma lissafinsu ba ɗaya bane, wannan ya kamata duk mai shiga ya sani. Zapier baya ƙirga leƙen da yake yi, sai aikin da ya kammala. Make kuwa kowane mataki ɗaya ne, har leƙen kansa ko bai tarar da komai ba. In ka barshi yana leƙa folda duk minti 15, sau 96 kenan a rana, a kwana 30 ya zama 2,880, ka ga tun kafin ya taɓa fayil ɗaya ka cinye rabonka kusan sau uku. Ni sai na maida shi duk awa ɗaya, daga safe zuwa dare kawai lokacin da shago ke buɗe, abin da ya rage ya ishe ni aikin gaske.

Babban haɗin da nake ji da shi yanzu da Google Forms ya fara. Na yi fom mai tambaya kaɗan, suna, lambar waya, irin aiki, kwafi nawa, mai kala ko baƙi da fari, sai wurin ɗora fayil. Abin da aka ɗora Drive ɗina yake faɗawa kai tsaye, amsoshin kuma su jeru a Google Sheets. Daga nan Make ke karɓa, ya canza wa fayil suna zuwa kwanan wata da lokaci da sunan mai shi da irin aikin, ya tura shi foldar da ta dace, sannan ya aika wa yarona saƙo a Telegram da linkin. Canza sunan nan shi ne zuciyar abin a wurina, domin Drive yana yarda fayil biyu su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya sak, bazai ce maka komai ba, to in babu kwanan wata da lokaci a jikin sunan, abin da ya same ni da katin bikin nan zai sake samun mutum. Kuma kafin in iya haɗa wannan sai da na zauna da biro da takarda na tsara foldodina, na masu jira, na wanda aka buga, na wanda aka biya aka karɓa, saboda manhajar bata san shagona ba, abin da na faɗa mata shi take maimaitawa, in a hargitse na bata to a hargitse zata riƙa yi cikin sauri. Wannan zaman na kwana biyu ya fi haɗa da'irorin wahala nesa ba kusa ba.

Na taɓa yin kuskure ɗaya mai tsada. Na sa kunama tana gadin wata folda, aikin kuma ya kwafi fayil ya ajiye, ban lura ba na zaɓi foldar dai a matsayin wurin ajiyewa. Duk kwafin da ya sauka sai a ganshi a matsayin sabo a sake kwafarsa, kafin in farga folda ta cika da abu ɗaya kuma rabon watan ya tafi. Tun daga nan foldar shiga daban ta fita daban, kuma duk sabon haɗi da fayil ɗin banza nake gwada shi tukuna. Gogewa kuma ban taɓa bari manhaja tayi min ba, matsarwa kawai, duk da dai abin da aka goge a Drive yana kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya.

Maganar wuri kuwa, Google 15GB yake bayarwa kyauta amma da Gmail da Photos ake rabawa, in ya cika har imel sai ya daina shigowa. OneDrive 5GB, Dropbox 2GB. Zanen katunan da na gama nake sa a kwafa min zuwa OneDrive don in abu ya samu ɗaya akwai ɗaya, masu amfani da kayan Microsoft ma suna da nasu Power Automate da zai musu irin wannan.

Abin da nake so 'yan uwana masu shago irin nawa su ɗauka da nauyi shi ne amana. Takardar NIN ta mutane na wucewa ta hannunmu, fasfo, sakamakon jarrabawa, takardun asibiti. Duk sanda ka danna amincewa ka haɗa wata manhaja da Drive ɗinka, mukullin ɗakin ka miƙa mata. Ni asusun Google daban na buɗe na shago zalla, babu hotunan iyalina a ciki, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, linki kuma bana barinsa a buɗe ga duk wanda ya samu, yarona kaɗai na ba izini da imel ɗinsa. Lokaci zuwa lokaci ina shiga sashen tsaro na asusun in cire duk manhajar da na daina amfani da ita. Takardun shaida kuwa da an karɓi aiki nake goge su da hannuna, ko ba don dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ba, ai mutum yarda yayi da kai.

Inda har yanzu nake fama shi ne WhatsApp. Mutanenmu can suka saba, kuma WhatsApp na wayarka baya jonuwa da waɗannan manhajojin kai tsaye, sai ta tsarin kamfanoni wanda ƙaramin shago kamar nawa bai kai nan ba, ga shi in an turo hoto a matsayin hoto matse shi yake yi ya fito dishi-dishi a takarda. Dabarar da nayi ita ce na sa linkin fom ɗin a saƙon maraba na WhatsApp Business, duk wanda ya yi sallama zai gani. Ɗalibai sun karɓa nan da nan. Dattawa kuwa fom ɗin na neman sai an shiga da asusun Google kafin a ɗora fayil, da yawa kuma sun manta lambar sirrinsu tun ranar da aka saita musu waya, shi yasa satin nan nake gwada hanyar neman fayil ta Dropbox wadda bata buƙatar mai turowa ya mallaki asusu. Jiya wani Alhaji ya gwada a gabana, ya ɗora takardar filinsa da kansa, kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa ta iso kwamfuta yarona ya buga masa kwafi biyu.